Na Arba'in da Ɗaya

"Na arba'in da ɗaya fa!" in ji Bubayaro, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi. "Almu, ka ji azzalumai? Wai na arba'in da ɗaya!"

Almustapha ya runtse ido. Karo na uku ke nan tun bayan azahar yana laƙƙana wa maƙwabcinsa kalmar shahada. Mutumin zai karɓa tiryan-tiryan, ɗaki ya yi tsit, can kuma sai ya ɓarke da zancen fim. Daga bakin ƙofa Hajaratu, matar Bubayaro, ta toshe baki da gefen mayafi.

Shekaranjiya aka sallamo shi daga asibiti, aka ce ƙoda ta gama aikinta, a kai shi gida a yi ta addu'a. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, fuskar ta yi fari fat. Zafin bazara ya sauko daga kwanon ɗakin, ga babu wuta, sai maficin kaba da Almustapha yake ta kaɗawa har hannunsa ya sage.

Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu a unguwar Bolewa. Bubayaro ya yar da sandar kiwo tun yana saurayi, ya zama mai haska fim a tsohuwar silimar gari, wadda yanzu buhunan wake ne jibge a cikinta. Shi kuwa Almustapha Babarbare ne, dillali a kasuwar shanu. To, kowa ya san tsakanin Bafulatani da Babarbare: wasa ne na gado, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma babu mai sallama wa wani ko da wuƙa a wuya. Wasu kan yi nasu a kan nono da kifi. Su waɗannan biyun a kan finafinan Indiya guda biyu suke yi, waɗanda ba wanda ya riƙe sunansu na ainihi sai laƙabin da 'yan kallo suka sa musu. Na Bubayaro shi ne Mai Rijiya, tsohon fim marar launi. Na Almustapha kuwa Ɗan Aike. Sun yi musun nan a gidan biki, sun yi a gidan suna, sun taɓa yi ƙasa-ƙasa a hanyar dawowa daga maƙabarta.

Wata guda da ya wuce Ramlat, 'yar Bubayaro da ke aure a Ngojin, ta zo dubiya. Don ta ɗebe wa uban kewa, ta buɗe waya ta karanto masa jerin finafinai ɗari da wasu masana suka ce babu kamarsu a duniya. Ɗan Aike ya zo na tara. Mai Rijiya ya zo na arba'in da ɗaya. Garin neman ƙiba aka samo rama, domin tun daga ranar zancen ya zauna a ran tsohon, ciwo kuma da ya ci ƙarfinsa ya share komai daga kansa ya bar wannan.

"Su wa suka ƙirga?" Bubayaro ya ci gaba, numfashi yana sarƙe masa. "Sun taɓa zama a silimar da ba rufi? Ranar da na haska shi ruwa ya sauko, wallahi ba wanda ya tashi. Mahauta, Almu, mahauta na gani suna kuka. Naka me ke ciki? Gudu da doki da waƙa."

Amsar tana bakin Almustapha a shirye, tsohuwar amsa: awa uku ƙato yana haƙa rami, wannan ai maganin barci ne. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Ka ambaci Allah, Buba."

"Ka ba ni amsa tukuna."

Hajaratu ta yafito shi da hannu. Ya ajiye maficin ya same ta a tsakar gida, gindin dalbejiya, inda tukunyar kunun da ba wanda ya sha take ajiye ƙuda na bi.

"Baban Basira, ka rufa mini asiri," ta ce. "Shekara talatin da takwas ina jin ana ce mini matar ɗan silima. Na haɗiye. Mutumin nan bai taɓa barin salla ba, kai shaida ne. Amma Malam Hussain ya faɗa a karatu, abin da mutum ya rayu a kai shi yake cikawa da shi. In ya tafi da fim a baki, ina zan sa kaina? Me zan ce wa Ramlat?"

"Malam ya ce kada a matsa masa. In ya faɗa a yi shiru, in ya koma zancen duniya a sake tuna masa. Shi nake yi."

"Ba zai daina ba sai ka yarda. Ka ce nasa ya fi. Mene ne a ciki? Fim ne fa."

Mene ne a ciki! Mace ce mai hankali, amma a nan ba ta gane ba. Almustapha ya ji tsoro ya kama shi, tsoron da bai ji ba ko ranar da likita ya girgiza kai. Muddin suna musu, Buba majinyaci ne kawai. Ya dubi fuskar matar, ya ga kwana nawa ba ta runtsa ba, sai ya ce to.

Ya koma ɗaki ya durƙusa a gefen katifa, ya kama hannun abokinsa. Hannun ya yi sanyi duk da zafin nan.

"Buba, na yi tunani. Masu jerin nan ba su san fim ba. Mai Rijiya ne na ɗaya. Ɗan Aike ko ƙurarsa bai kamo ba."

Bubayaro ya daina motsi. Idanun da suke ta yawo a rufin ɗaki tun safe suka sauko suka tsaya a kan Almustapha, tar da su, kamar wanda aka watsa wa ruwa.

"Sake faɗa."

"Naka ya fi."

"Babarbare ya sallama wa Bafulatani." Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. "Ashe tafiyar ta zo ke nan."

Da a ce mari Bubayaro ya kai wa Almustapha da ya fi sauƙi. Kwana biyu kowa na ce wa mutumin nan zai warke, Ramlat ta faɗa, Hajaratu ta faɗa, shi kuwa Almustapha da bakinsa ya zo ya yi masa sanarwa.

"Hajara," Bubayaro ya kira a hankali. "Ki yafe mini."

"Na yafe, Malam. Ni ma ka yafe mini."

Sannan ba tare da kowa ya tuna masa ba, ya ɗaga manuniya ya yi kalmar shahada, harafi bayan harafi. Ya lumshe ido. Numfashin ya koma ja da tsayawa, ja da tsayawa.

Hajaratu ta zame ta zauna a dokin ƙofa tana hamdala ba sauti. Daga titi ana jin tirelar shanu tana wucewa, ƙasa na girgiza. Da ta ga leɓɓansa sun bushe sun tsage, ta miƙe ta tafi da sanɗa ɗebo ruwa a randa.

Fitarta ke da wuya yatsun Bubayaro suka matse hannun Almustapha. Ido ɗaya ya buɗe kaɗan. Almustapha ya sunkuya ya kai kunne.

"Ƙarya kake, bawana."

Almustapha ya san abin da ya kamata ya faɗa. Sau uku ya faɗe shi a yinin nan, Malam ya koya masa, matar ta roƙe shi. Amma bakin da ya shekara arba'in yana mayar da martani bai jira shi ba.

"Ƙarya nake mana. Awa uku ƙato na haƙa rami."

Gefen bakin Bubayaro ya ɗaga. Ya ja numfashi kamar zai yi dariya, ya sake shi a hankali.

"La'ilaha illallahu," Almustapha ya ce da sauri. "Buba. La'ilaha illallahu. Buba, faɗi!"

Ya girgiza hannun. Ya kai kunci kusa da hancin, ya jira, ya sake jira. Babu komai.

Hajaratu ta shigo da moɗa a hannu, ta tsaya. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye moɗar a ƙasa da kyau don kada ruwan ya zube, ta yi salati, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Na ji kamar ana magana. Ya sake cewa wani abu?"

Almustapha dillali ne, ya sha rantsuwa a kan saniyar da ya san tana da tari, bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi irin na yau ba.

"Ni ne nake masa addu'a."

"Kalmar ce ta ƙarshe?"

"Ita ce."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ta fita tana dafa bango, ya ji tana kiran Ramlat a waya: "Babanki ya cika, ya cika da kalma, ki gode wa Allah."

Ya rage shi kaɗai da gawar. Ya shafe idon da ya rage a buɗe. Ya miƙar da hannuwan, ya daidaita kumburarrun ƙafafun. A kan ƙusa akwai tsohon rawanin Bubayaro. Ya yago ƙyalle daga gefensa, ya zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa zuwa tsakiyar kai, ya ɗaure bakin kamar yadda ake yi. Ya kwance ya sake ɗaurewa. Duk da haka gefen bakin nan bai sauka ba.

An fara kiran la'asar a masallacin unguwa. Almustapha ya ja zane ya rufe fuskar, ya zauna a gefen katifar, ya ɗauki maficin ya ci gaba da kaɗawa.