Wanda Ya Busa da Muryar Cleophas

Mis Odile Lavigne ta yanke hukunci ƙarfe huɗu saura kwata na yammacin Lahadi, kuma cikin masu jayayyar biyu babu wanda hukuncin ya yi wa daɗi. Ta ce sautin ƙahon da ke cikin tsohon tef ɗin na Cleophas Rideau ne, wannan ko kurma ya sani. Amma ba Cleophas ne ya busa ba.

An yi zaman a zauren Bon Chance da ke Unguwa ta Bakwai a New Orleans, ran goma sha huɗu ga Afrilun 2013. Mutum kusan sittin suka zo, yawancinsu sun haura saba'in. An sayar da jan wake da shinkafa a bakin ƙofa.

Tef ɗin masu gyaran rufin zauren ne suka tsinto shi a watan Fabrairu, cikin gwangwanin biskit, a saman silin inda ruwan babbar ambaliyar da ta taɓa cin birnin bai kai ba. A jikinsa an rubuta da fensir: "Asabar, Mayu 1964, suyar kifi." Ba sunan kowa. Kiɗan jaz ne na minti arba'in, kuma a tsakiyarsa akwai wurin da makaɗa suka bar wa mai ƙaho fili, ya busa shi kaɗai minti uku da daƙiƙa goma. Renée Galatas, mai shirin tsofaffin kaɗe-kaɗe a ƙaramar tashar rediyon unguwa, ta saurari wurin sau tara a jere. Tana son sa shi a iska, kuma tana son faɗin sunan mai busar. A waccan shekarar masu ƙaho biyu ne a ƙungiyar zauren, duka suna raye.

Cleophas yana da shekara saba'in da shida. Ya yi talatin da huɗu yana raba wasiƙu, busa kuwa sai Asabar da Lahadi. Masu ɗaukar faifai a ranakun aiki suke ɗauka, lokacin yana kan titi da jaka a kafaɗa, don haka babu inda aka taɓa naɗar ƙahonsa, ko na daƙiƙa ɗaya. 'Yarsa Yvette ta koma Houston tun ambaliya. Jikokinsa uku sun san shi a matsayin tsoho mai ƙorafin gwiwa. Idan ya ce musu a da mutane kan tsaya a ƙetaren titi su ce "Cleophas ke nan", sai su ce "to, Kaka", su koma kan wayoyinsu. Abin da yake so bai wuce ɗaya ba: ya sa wani abu a ambulan, ya aika Houston, su ji da kunnensu.

Delmar Sylve, mai shekara saba'in da biyar, yana da faifai goma sha ɗaya, ya je Japan sau shida. Su biyun sun shekara hamsin suna zama tebur ɗaya suna musun komai.

Renée ta kira su tashar wata Alhamis, ta kunna musu. Aka ji hayaniyar zaure, ƙarar faranti, ganga da piyano. Sai ƙaho ya shigo da ɗan kakari, kamar mai gyaran murya kafin ya faɗi maganar da ba a tambaye shi ba. Mutanen cikin tef ɗin suka fashe da dariya da tafi. Ƙahon ya ci gaba, yana biye da ganga a baya da rabin taki, kuma duk jimlar da ya ɗauko sai ya yanke ta kafin ƙarshe, ya bar mai sauraro da wuya a miƙe.

Waɗannan ukun, kakarin da jinkirin da yankewar, su ne Cleophas. Duk unguwar ta sani.

"Ni ne," in ji shi, tun ba a kai daƙiƙa goma ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Kai ne wa?" in ji Delmar. "Ni na busa wannan. Har rigar da na sa ina tunawa."

"Haba, tsoho. Yaushe ka taɓa bin bayan ganga? Kai da kake tsere da mai ganga kamar kare ya biyo ka."

"Kare ai kai ya sani, mai wasiƙa. Ni fasfo na sani."

"Ka ji dariyar nan? Murna suke yi na tashi."

"Dariya dai suke yi, wannan ban musa ba."

Renée ta tambaye su ko akwai sauran mai rai da yake zauren a ranar. Suka haɗa baki suka ce Mis Odile, kowa da tabbacin shi za ta bai wa gaskiya.

Mis Odile, mai shekara tamanin da takwas, ta yi talatin da ɗaya tana girki a kicin ɗin Bon Chance. Kicin ɗin yana bayan dandamali, bango ɗaya ya raba su, babu taga. Ba ta taɓa ganin ana busa a zauren ba, ji kawai take yi. Da busar take auna kifi: idan Delmar ya tashi, takan jefa tarwaɗa a mai, ta san za ta soyu gaba da baya kafin ya zauna. Ta yarda za ta saurara, da sharaɗi biyu. A yi a zauren, da makaɗa na gaske, don ita ba ta sanin mutum ta waya. Kuma a juya mata kujera ta fuskanci bango.

Cleophas ya yi mako uku yana gwaji a banɗaki, ƙofa a rufe. Rabonsa da busa gaban jama'a shekara shida. Leɓensa ya yi laushi, iskarsa ta ragu, kuma abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne yana tsoron ya ɗaga ƙahon a ji tsoho kawai, irin kowane tsoho.

Ranar Lahadi aka kawo mai piyano da mai ganga. Renée ta kafa makirufo biyu. Aka zaunar da Mis Odile a gaban dandamali, ta ba shi baya, jakarta a cinya, hular cocinta a ka. Aka fara kunna mata tef. Ta saurara ido a rufe, a wurin dariyar nan kafaɗarta ta ɗan motsa.

Aka jefa kwabo, Delmar ya fara. Waƙa ɗaya za su busa, wadda ke cikin tef ɗin. Ya shigo da ƙarfi, sautinsa fes, yana hawa sama yana ƙyalli. Bai kai numfashi na biyu ba ta ɗaga hannu.

"Delmar ke nan. Yaro, har yanzu kana busa kamar akwai yarinya a layin gaba da kake so ta juyo."

"Tana juyowa kuwa, Mis Odile."

"Ta juyo ta ga haƙoran roba. Ci gaba."

Ya ƙarasa, aka tafa masa sosai. Busa ce mai kyau, babu wanda ya ce ba haka ba.

Cleophas ya hau matakala uku na dandamalin yana dafa ƙarfe. Mai ganga ya ƙirga. Ya ji wurin shigarsa ya zo, ya wuce, sannan ya shiga, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Kakarin ya fito da kansa. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Yesu, ga shi nan." Mis Odile ba ta ɗaga hannu ba. Ta bar shi ya busa har ƙarshe, minti biyu da rabi, inda iskarsa ta tsaya. Ya sauke ƙahon.

"Wasiƙa ta iso," in ji ta. "A makare, amma ta iso. Juyo da ni."

Aka juyo da kujerar. A nan ne ta faɗi hukuncin, zauren ya kaure da surutu.

"Mis Odile, da girmanki," in ji Cleophas. "Ya za a ce sautina ne amma ba ni ba ne? Aljani ne ya busa?"

"Kusan haka. Delmar ne." Ta nuna shi da haɓa, sannan ta dubi Cleophas. "Kai idan ka yanke jimla, iska ce ta ƙare maka, ana jin ka kana nemanta. Tun kana yaro ƙirjinka ƙarami ne. Na cikin tef ɗin nan yana yankewa da sauran iska cike da ƙirji. Ganin dama ya yi. Kwaikwayonka yake yi, shi ya sa suke dariya."

Cleophas ya ce, "Shekara arba'in da tara fa. Kunne yana mantuwa."

"To bar kunne. Ranar ka makara, jakarka ta yi nauyi, ka shigo ta ƙofar kicin da kayan gidan waya a jikinka. Ka ce yunwa za ta kashe ka. Na zuba maka wake, kana tsaye kana ci kusa da murhu. Lokacin busarka ya zo ba ka nan, wannan ɗan neman rigimar ya tashi ya yi irin busarka don ya tsokane ka. Ka tsaya da cokali a hannu, ka kasa kunne ga bango, ka ce mini, 'Mis Odile, wane ne wannan? Kai, ya iya busa.'"

Dariyar da aka yi ta fi ta cikin tef ɗin tsawo. Mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa. Cleophas ya tsaya yana neman ranar a cikin kansa. Bai sami maganar ba, amma ya sami waken, da zafin murhun a gefen fuskarsa, kuma wannan ya ishe shi.

Ya juya ga Delmar. "Ka sani?"

Delmar yana goge bakin ƙahonsa da hankici, ya daɗe yana gogewa. "Na ce ni na busa. Ƙarya na yi?"

"Ba ka ce ni kake yi ba."

"Wa ya tambaye ni?"

"Ni zan faɗa muku abin da ya hana shi," in ji Mis Odile. "Faifansa goma sha ɗaya duk ina da su, shi ya kawo mini. Babu wanda ya kama ƙafar minti ukun nan. Sau ɗaya ya yi busar da ta sa na ƙona kifi, ita ma da muryar wani."

"Mis Odile, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka busa."

Delmar ya sa hankicin a aljihu. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, jinkirin ne mai wuya. Kakarin kowa zai iya, yankewar ma haka. Amma mutum ya ji ganga ta wuce shi ya ƙi bin ta, ya zauna a baya hankali kwance, wannan ya yi wata biyu yana gwadawa a ɗaki kafin ranar, kuma bai sake samunsa ba.

"Wata biyu kana koyon ni?" in ji Cleophas.

"Don in yi maka dariya, kar kanka ya kumbura."

"Wata biyu."

"Na ji, mai wasiƙa. Sauka kafin gwiwar ta sauke ka."

Renée ta naɗi duk abin da aka busa a ranar. Da yammacin Litinin ta kai wa Cleophas faifai ɗaya har gida, busarsa ta Lahadi, minti biyu da rabi. Ya saurara a kicin sau biyu. Akwai wuri ɗaya da sautin ya fashe, akwai inda ake jin numfashinsa kamar na mai hawa bene. Ya tambaye ta ko za a iya gogewa. Ta ce za a iya. Ya ce a bar shi, kar Yvette ta ɗauka Delmar ne. Da safiyar Talata ya je gidan waya da kansa, ya gyara wa ma'aikaciyar yadda ake manna kan sarki, ya aika Houston.

Saura tsohon tef. Takardar da tashar ke cikewa kafin a sa kowane kiɗa tana da layi ɗaya tak na sunan mai busa. Renée ta kira Delmar. Ya ce ta rubuta Cleophas, shi ba zai shiga tarihi da busar mai zuwa a makare ba, yana da sunan da zai kare a Japan. Ta kira Cleophas. Ya ce ta rubuta Delmar, shi shekara talatin da huɗu bai taɓa sa hannu a kan saƙon da ba nasa ba, kuma a lokacin wake yake ci, akwai shaida. Ta kira Mis Odile, ta ce ita ta gama nata, a bar ta ta kalli shirinta.

Za a sa shirin ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma, kuma tashar tana karɓar takarda zuwa tsakar ranar Juma'a. Har safiyar Alhamis kowannensu yana nan a kan sunan ɗayan.