Akwatin Wutar da Baffa Ila Ya Kawo

"Baffa, me ya sa naka ba shi da nauyi? Ko babu komai a ciki ne?"

Sharhabil ne ya yi tambayar, yana jinjina akwatin ƙarfen da hannu ɗaya. Shekarunsa tara, bai san inda ake tsayar da magana ba. Ya ƙara da cewa, "Maman Favour ta ce mai kyau nauyi gare shi, na bogi ne shafal."

Mahaifiyarsa Sadiya ta ji kamar ta nutse a tabarmar. Ila yayan mijinta ne, shi ya riƙe mijin tun yana ƙarami, kuma yana da shagon kayan lantarki a cikin gari. Da ya ji ana haɗa wa yaro kwamfutar gem, wato ta buga wasanni, ya tako har Hayin Banki da ƙafarsa, ya kawo gudummawa: akwatin da ke karɓar wutar gida ya rarraba wa kayan cikin kwamfuta. Sabo fil, an rubuta wat ɗari bakwai a jikinsa da jan rubutu.

Ila ya yi dariyar yaƙe. "Kai, ɗan nan! Zamani ne, komai ƙara sauƙi yake yi. Ba ka ga waya ba?"

"Allah ya saka da alheri, Yaya," in ji Sadiya, kanta a ƙasa. "Allah ya ƙara buɗi."

Ba don gata take haɗa kwamfutar nan ba. Sharhabil na da asma. A bayan layinsu akwai shagon gem, ɗaki ɗaya ba taga, janareta a bakin ƙofa yana tura hayaƙi ciki. Ta hana, ta yi faɗa, ta ɓoye masa takalmi, duk a banza. Ranar da aka kawo mata shi a kafaɗa yana neman numfashi, ta yanke shawara: in ƙwallon allo ce ke jansa can, to ƙwallon za ta dawo gida.

Da ta kwashi adashinta, sai ta nufi maƙwabciyarta Mercy, Maman Favour, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Abakpa. Mako uku suna zama bayan la'asar, Mercy na bayani, Sadiya na rubutawa a bayan littafin awon ɗinki. Ta koyi cewa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da madabod, allon da ake dasa komai a kai, sai bakinsu ya zo ɗaya. Ta koyi cewa ram, ma'ajiyar aikin da ake kan yi, gara biyu ƙanana da ɗaya babba. Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala da yaron ya nace a kai, ta soke shi ba tare da ta waiwaya ba. An sayi komai sai abu biyu, katin hoto na hannu, mai sa wasa ya fito tas a allo, da akwatin wuta, kuɗin da ya rage kuma ba zai ɗauki duka biyun ba. Kyautar Ila ta zo kamar an aiko ta.

Amma maganar yaron ta tsaya mata a rai. Da mijinta Lawan, wanda direba ne, ya dawo daga lodin Kano, ta gaya masa.

"A sa kawai," ya ce. "Yaya ne fa. So kike in ce masa kayansa ba su da kyau? Da wane bakin?"

"A ɗakin da yaron yake kwana za a ajiye kwamfutar."

"To ai ba bam ba ne, Sadiya."

Washegari ta kai wa Mercy akwatin a cikin leda. Mercy ta ɗaga, ta leƙa ta ramukan iska, ta taɓe baki.

"Maman Sharhabil, ba zan rantse ba, amma ban yarda da shi ba. In ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, da madabod da furosesa yake tafiya. A gwada shi tukuna."

"In Yaya ya ji an gwada kyautarsa, na shiga uku. Har Kano sai labari ya kai."

"A wajenki yake yaya, ni ba surukina ba ne," in ji Mercy tana gyara ɗankwali. "Bar ni da shi. Ce wa maigidanki ya ara mana ƙwan fitilar mota guda biyar."

Ranar Asabar da hantsi aka yi sa'a akwai wuta. Mercy ta sa aka kira Ila, wai tana neman shawarar babban ɗan kasuwa. Ta shimfiɗa katako a tsakar gidan Sadiya, nesa da igiyar shanya, ta jera ƙwayayen. Sadiya ta tura Sharhabil gidan su Favour, don ko hayaƙin sauro ba ta bari ya shaƙa.

"Alhaji, makarantarmu na iya neman irin wannan," in ji Mercy. "Amma ni ko tumatir zan saya sai na latsa."

"Latsa, Madam! Kayana ba sa tsoron gwaji."

"Kowane ƙwai bai wuce wat sittin ba. Biyar ɗin nan ko rabin abin da aka rubuta ba su kai ba, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

Ta haɗa na farko, ya kama. Na biyu ma haka. Ila ya dubi ƙaninsa yana murmushi. A na uku hasken ya fara rawa, akwatin ya ɗauki wani siririn kuka. Mercy ba ta gama haɗa na huɗu ba aka ji tas! Hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya turnuƙe, Lawan ya yi tsalle ya fizge filogi.

Sadiya ta kasa ɗaga ido. Jira take Ila ya kaɗe rigarsa ya fita.

Bai fita ba. Tsugunawa ya yi, ya karɓi sukundireba, ya kwance murfin da kansa. Ciki kusan wayam, 'yan wayoyi sirara da allon da bai kai tafin hannu ba. Ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Katan guda na saro. Har na sayar da uku." Ya juyo wajen Sadiya. "Amarya, wannan na so a kai ɗakin ɗana?"

"Ai ba ka sani ba, Yaya."

"Kin yi zargi kika yi shiru?"

"Kunya na ji."

"Kunyar me? In na ƙona muku gida sai ki ji kunyar kiran 'yan kwana-kwana?" Ya zaro waya yana laluben lambobin mutum ukun da ya sayar wa. "Madam, kin latsa tumatir, ya fashe. Na gode."

"Ba komai, Alhaji. Kuɗin gwaji lemo ne mai sanyi."

Da yamma Sadiya ta buɗe littafinta ta ja layi ta soke katin hoto, kuɗinsa ya koma na akwatin wuta. Mercy ta riga ta zaɓa mata furosesa mai iya fitar da hoto da kansa, don haka kwamfutar za ta tashi ko babu katin. Suka sayi akwatin wuta na kamfanin da aka sani, wat ɗari biyar da hamsin, da takardar garanti, Ila da kansa ya raka su ya yi cinikin. Canjin da ya rage ya tafi a sitabilaiza.

'Yan wasan da ke allon ba su fito tas kamar na shago ba, ciyawar filin ma kamar an shafa ta da buroshi. Sharhabil ya yi ƙorafi na kwana biyu, daga nan ya manta. Yanzu shi da Favour ne ke ihu a ɗakinsa, taga a buɗe, Sadiya na taka keken ɗinki tana jin numfashinsa lafiya lau. Ta dafa dambun shinkafa ta kai wa Mercy a babbar kula, ta tsaya a bakin ƙofa tana ta jero godiya har Mercy ta ce ta tafi kafin ta sa ta kuka.

Ke da kike shirin haɗa wa naki, ki rage a fitilu, ki rage a gilashi, ki haƙura da katin hoto har baɗi in ta kama. Amma kada ki rage a akwatin wuta. Ko wa ya ba ki shi, kada ya kwana ɗaki ɗaya da ɗanki sai wanda ya san aikin ya gwada shi a fili.