Hoton Da Ke Can Ƙasa

"Ƙara masa inuwa," in ji Oga Togar, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfutar da bakin sandar lantarki. "So nake mai kallo ya ji kamar ya sa hannu ya zaro guda."

Gunarto ya ja linzamin kwamfutar, inuwa ta kwanta. Wata tara ke nan aikinsa ɗaya: a ba shi hotunan hirarrakin waya, ya datse gefensu, ya ɗora wani bisa wani, ya ɗan karkata kowanne, su fito hawa-hawa gwanin sha'awa. A garinsu can tsibirin Java katin aure yake tsarawa, kowa na yabon hannunsa. Hannun nan ne ya kawo shi hawa na shida na wani bene a bakin iyakar Kambodiya, inda aka karɓe fasfonsa tun bai ajiye jaka ba. Tallan da yake haɗawa shi ke jawo sababbin ma'aikata, yadda tallan wani ya jawo shi.

Abin da ya fi ci masa rai, hotunan yau hirarsa ce da matarsa Wening. Duk Lahadi ake ba shi wayarsa minti goma, Togar na tsaye a kansa, ba a yarda su yi harshen gida ba. To me zai rubuta? "Lafiya lau nake." "Abinci sai mun ture." Ƙarya ya shara mata don hankalinta ya kwanta, ga ta nan ta zama kayan talla.

*

Ranar Lahadi ita ta kira, aka buɗe muryar kowa na ji.

"Baban Kinanti, ni fa na gaji da suyar awarar tempe a ƙofar makaranta. Inna ta ce za ta riƙe yarinyar. Zuwa zan yi."

Gunarto ya ce, "Ki zo ina?"

"Wajenka mana! Ba ka ce akwai mata a ofishinku ba? Ko wata ka ajiye, shi ya sa kake wani inda-inda?"

"Zafin garin nan, Wening, ba za ki iya ba."

"Zafi! Ni da nake wuni gaban kasko?" Ta fashe da dariya.

Togar ya dafa kafaɗarsa, ya matsa sosai. Gunarto ya tuna Sarmin na teburin kusa da shi, wanda ya gaya wa ɗan'uwansa gaskiya a waya. Kwana huɗu ya yi a ɗakin sama, har yau da hagu yake cin abinci.

"Uwargida, sannu da ƙoƙari!" Togar ya sunkuyo kan wayar. "Wurinki na nan. Gobe maigida zai turo miki tallan da lambar da za ki kira. Da hannunsa ma zai haɗa miki."

*

Hoto biyar Gunarto ya jera. Na can ƙasa, gefensa na sama kawai ke leƙowa, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Togar mutumin tsibirin Sumatra ne, ko gaisuwa bai iya da Javanci ba. A wannan ɗan wurin Gunarto ya rubuta da harshen gida, kamar saƙo cikin saƙonni: "Kada ki zo. Kurkuku ne." Ya san Wening, ko takardar ƙunshin gyaɗa ba ta jefarwa sai ta karance ta.

Yana gamawa, Togar ya iso da kwanon taliya, ya tsaya yana zuƙa yana kallo.

"Kai ɗan Java, hannunka da albarka. Amma na bayan nan sun cika fitowa. Ba kai ka koya mana a dusashe na baya don na gaba ya haska ba?"

Shi ne kuwa. A watansa na farko, don tsabar son a ce ya iya.

"Oga, wannan a haka ya fi kyau."

"Na tambaye ka? Dusashe shi."

Ya ja linzamin kaɗan. Haruffan suka yi dishi-dishi, amma mai naci zai karanta.

"Ƙara. Yau rowa kake ji?"

Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har rubutun ya koma wani toka-toka.

"Yauwa. Tura mata."

*

Bayan kwana goma sha ɗaya, da azahar, aka turo masa sababbin hotuna. Na farko daga wayarsa aka ɗauko shi, saƙon da shi bai ma gani ba. Wening ce a filin jirgi cikin koren mayafinta na Sallah, ta ɗaga gwangwanin yajin da yake so. A ƙasa ta rubuta: "Alhamdu lillahi na sauka. Motar kamfani ta zo, har da ruwan sanyi. Kinanti ta yi kuka, na ce mata Baba zan ɗauko."

"Wannan za ka sa a sama," in ji Togar. "Mata sun fi yarda da mace."

Gunarto ya dubi ƙofa, mai gadi na zaune yana sakace. Ya dawo da idonsa, ya datse gefen hoton, ya ɗago matarsa bisa sauran, ya tsaya a nan bai saki linzamin ba. Can ƙasa ya ji an ja babbar ƙofar ƙarfe, mota ta shigo, aka mayar aka rufe.