Kejin Tawfiq

Tun ranar da Tawfiq ya fito da jar motar nan mai ƙofa biyu daga tashar jiragen ruwa, unguwar Zongo ba ta ƙara samun sakat ba. Motar tsohuwa ce ragwaf, wani Bature ya gama cin moriyarta, amma a bakin Tawfiq ba a taɓa ƙera irinta ba. Ya cire kujerun baya da na'urar sanyi don ta yi sauƙi, ya sa faffaɗan tayoyi da baƙin gilashi, ya yanke salansa har kaji suka daina ƙwai a layinsu. Burinsa guda ne, ya shiga tseren da za a yi a wani fili can gaba da unguwar Agoè. Ranar Asabar da sha biyun rana za a rufe duba motoci, wanda bai kai tasa ba kuma sai baɗi.

Abu ɗaya ya rage masa, ƙarafunan da ake ɗinkawa a cikin motar tsere don kare direba in ta kife. Sai ya kai ta wurin Ɗan'auta mai walda, dattijon da ya shekara talatin yana yi wa mutanen Zongo ƙyauren gida da kejin raguna.

Shi kuwa Tawfiq, tunda ya yi shekara biyu a jami'a Hausa ta zame masa abin kunya. A kan nonon Hausa ya girma, amma yanzu ko gaisuwa sai ya yayyafa mata Faransanci, baffa ma ya koma Tonton.

"Tonton, cage nake so. Une cage solide."

"Keji? A cikin mota?" in ji Ɗan'auta. "Ɗana, zana min in gani."

Tawfiq ya yi tsaki, ya ce ba shi da lokacin koyar da jahilai.

"To me zai zauna a ciki?"

"Une bête!" Ya bugi ƙirji. "Dabba, Tonton, wadda ba a iya tarewa!"

Dattijo ya gyaɗa kai. Tawfiq bai sake leƙa shagon ba, don kada baƙin mai ya ɓata masa farin takalmi.

Asabar wajen sha ɗaya ya iso cikin rigar tsere da hular kwano, rabin unguwa na biye da shi, har da gwaggonsa Talatu mai koko. Ya ja ƙofar mota, sai ga wata ƙofar ta ƙarfe a bayanta. Keji ne sosai, sanda kusa da sanda, ya kewaye kujerar direba, an ma yi masa fenti kore.

Nan take ya ga ba abin da yake nufi ba ke nan. Amma idanun Zongo na kansa, girman kai kuma bai bar shi ya ce an yi kuskure ba.

"Voilà, c'est ça," ya ce, wai haka ɗin yake so, ya sunkuya ya shige.

Ƙofar ta koma da kanta, sakata ta faɗa daga waje, ƙaras. Ya miƙa hannu zai kama giyar mota, ashe giyar tana bayan ƙarfe, ko yatsansa bai kai ba.

"Tonton! Mene ne wannan?"

"Ai dabba ka ce," in ji Ɗan'auta cikin natsuwa. "Wa yake barin giya kusa da dabba? In kuma cirewa kake so, aikin yini biyu ne, don ban yi maka ha'inci ba."

Tawfiq ya dubi agogo, sha ɗaya ta wuce. Tsere ya tafi, kuma a gaban kowa. Zufa ta cika hular kwano.

"Ouvrez! Ouvrez-moi ça!"

Ba wanda ya motsa. Talatu ta matso, ta leƙa ta tsakanin ƙarafunan.

"Me yake cewa ne? Mu jahilai ba ma jin Faransanci."

Tawfiq ya sassauta murya.

"Gwaggo, don girman Allah ki buɗe ni."

"Ikon Allah," in ji Talatu, ta juya ga jama'a. "Kun ji dabbar ma ta iya Hausa."