Askin Lamba Tara

"Ina rediyona?" Tsohon Direba ya tambaya, kumfar sabulu ta rufe masa haɓa.

Mai aski ya tsaya da aska a hannu, ya saci kallon Inna, matar tsohon.

"An kai gyara," in ji shi.

"Batir ne ya mutu," in ji Inna a lokaci guda.

Tun da ciwo ya kwantar da maƙwabcin nasa, mai aski ke tsallako kwata ya yi masa gyaran fuska a kan gado. Yau kuwa sai da ya kutsa ta cikin 'yan jarida kafin ya samu ƙofa. Ɗan tsohon, ɗan ƙwallon nan da ake kira Lamba Tara, shi ne bidiyonsa ya fita: yana ɗakin otal daga shi sai tawul, yana tiƙar rawa da wata mawaƙiya, ana gobe wasan ƙarshe. A shagon aski ma an yanke masa hukunci. Masu jiran layi sun kore shi daga ƙungiya, sun raba shi da matarsa, wani ma ya ce dama can bai iya buga fanareti ba.

"Su wa ke hayaniya a waje?" tsohon ya tambaya.

Mai aski ya ce, "Kwatar layinmu suka zo ɗauka, Baba. Za a sa ta a talabijin."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Na gani a wayar mai yi min allura. Laifi kam ya yi, tsakaninsa da matarsa da Ubangijinsa. Amma rawar ce ta ƙara min ciwo. Kamar an zuba wa mutum ƙanƙara a riga. Dangin uwarsa ya ɗauko."

Inna ta yi tsaki, ta juya tana share ido.

"Ina son ganinsa," tsohon ya ce, murya ta yi ƙasa. "Ba ni da sauran jira."

Ashe yaron ya shigo gari tun safe, yana laɓe cikin mota a bayan layi, tsoron kyamara ya hana shi fitowa. Mai aski ya jawo shi ta ƙofar baya ta shagonsa, ya zaunar da shi, ya dubi tulin gashin nan mai ruwan ɗorawa da duk ƙasar ta sani.

"Kawu, a kan gashin nan fa nake da yarjejeniyar talla."

"Sunkuya."

Ya yi masa ƙwal, ya sa masa tsohuwar rigar aikinsa, ya ɗora masa jakar kayan aski a kafaɗa. Suka ratsa taron ba wanda ya ɗaga kai. Wata 'yar jarida ma ta ce, "Kai, matsa, kana tare mana ƙofa."

Da suka shiga ɗakin, tsohon ya daɗe yana kallon kan ɗansa, sannan ya miƙa hannu ya shafa.

"To, ko ba komai abin kunyar nan ya yi rana. Ka kira matarka?"

"Ba ta ɗauka, Baba."

"Ta kyauta. Ka ci gaba da kira."

Yaron ya durƙusa, ya kifa fuska a gefen katifa. Mai aski ya tattara kayansa ya fita.

Washegari da hantsi tsohon ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mai aski na zaune a kan benci a ƙofar gida, Lamba Tara na gefensa. Wani ɗan jarida ya raɓo, ya yi ta'aziyya, ya sunkuyo wajen mai sanƙon kai yana raɗa: "Ɗan'uwa, yaron nan ko jana'izar ubansa bai zo ba?"

Mai aski ya buɗe baki, yaron ya dafa masa gwiwa. Sannan yaron ya matsa ya ba mutumin wurin zama, ya miƙa masa kofin ruwa. Suka zauna su uku, suna kallon takalman masu gaisuwa jere a bakin ƙofa.