Babin Da'ira na Bai Velichko

"Wannan layin ya matse na samansa," in ji Bai Velichko, yana dangwala jan biro a kan takardar. "Ki ba su iska, su ma numfashi suke so."

Bistra ta karɓi takardar. Mutumin da robar iska ke maƙale a hancinsa, wai shi ne ke nema wa layuka numfashi. Ta ajiye masa miyar wake a kujerar gefen gado, ta san sarai da yamma za ta ɗauke ta yadda ta kawo ta.

Maƙwabcinta ne, ɗakinsa na saman nata a dogon benen da ke bayan kasuwar garin Ruse, inda Bai yake lakabin girmama dattijo. Ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a sakandare, matarsa ta rasu, 'yarsa Temenuga tana aikin jinya a Jamus. Da ya ajiye alli sai ya ce zai rubuta wa 'yan babban aji littafin siffofi da kusurwoyi. Bistra kuwa ta daɗe tana buga wa malaman jami'a takardu, ta iya manhajar nan da masu lissafi ke tsara littattafai da ita. Shi ya faɗa, ita ta buga. A manhajar ba a ganin shafi yayin bugawa. Umarni ake jerawa, sai an gama a danna, ta haɗa littafin gaba ɗaya.

Babi takwas sun kammala, wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a Sofiya ya ce a kawo kafin a koma makaranta. Saura na tara, babin da'ira, wanda babu shi ko'ina sai a cikin kan Bai Velichko. Ga shi tun farkon littafin yake ta yi wa yara alkawari: hujjar wannan ƙa'idar tana gaba, duba sashe kaza. Manhajar kuwa ba ta rufa wa kowa asiri. Duk inda aka tura mai karatu sashen da ba a rubuta ba, baƙaƙen alamomin tambaya guda biyu take dasawa a wurin, kuma littafin ya cika da su.

Likita ya gaya wa Temenuga, ita kuma ta gaya wa Bistra a waya tana kuka, tana kiranta Lelya, wato Goggo: "Lelya Bistra, sun ce ba zai kai sanyi ba." Tun ranar burin Bistra ɗaya ne, tsohon nan ya riƙe littafinsa cikakke kafin ciwon huhun ya gama da shi.

"Bai Velichko, bar layukan nan haka," ta ce. "Ga kwamfuta a cinyata. Faɗa min babin da'ira."

"Gobe. Yau dubi zanen nan, harafin ya ɗare kan layi kamar ɗan akuya."

"Jiya ma gobe ka ce."

"To, kin ga ba na sauya magana."

"Ko mu goge alkawuran ne, littafin ya tsaya a na takwas? Wa zai sani?"

Tari ya turnuƙe shi har idanunsa suka kawo ruwa. Da ya lafa sai ya ce, "Yaro ya haɗiye ƙa'ida ba hujja? Wannan ai coci kike faɗa, ba aji ba."

Haka suka yi ta yi. Kullum muryarsa na ƙara sirancewa, kullum ɗan abin da ya rage na muryar yana ƙarewa a kan tazarar layi da kaurin harafi. Bistra ta ji haushinsa, haushi na gaske, irin wanda ake ji wa mai taurin kai ko da yana kwance. Ta sha saukowa ɗakinta ta huce a kan tukwane.

Wata safiya ta shigo hannu rabbana, ta ja kujera ta zauna.

"Ba na ƙara gyara ko ɗigo. Ni ba 'yar ajinka ba ce. Ko dai babin, ko in koma in yi wankina."

Ya kalle ta. Sannan ya ɗora yatsa a kan bargo ya kewaya shi a hankali.

"Ga da'irar. Na ja layi daga nan zuwa nan." Yatsan ya tsaya cak. "Akwai wani layi da ake ƙarawa, Bistra. Guda ɗaya, shi ke buɗe komai. Na zana shi a allo har hannuna ya haddace. Tun da suka fara yi min allurar nan ya ɓace. Kullum ina nema, babu."

Kunya ta kama ta, sai kuma tausayi ya danne kunyar.

"Mu duba wani littafin mana."

"In saci hujjar wani in ɗora sunana? Tawa ba irin tasu ba ce, ta fi tasu gajarta." Ya rufe ido, can sai ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ɗauko kwamfutar taki."

Ta ɗauko. Ya jera mata ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani, waɗannan kam bai manta ko guda ba. Da ya kai ƙarshe ya ce, "A ƙarƙashi ki sa: an bar wa mai karatu ya nemo hujjar da kansa."

Bistra ta ɗago kai. Wannan jimlar masu lissafi ke fakewa da ita idan sun gaji, kuma duk wanda ya taɓa zama ajin Bai Velichko ya ji irin zagin da yake yi wa masu rubuta ta.

"Kai da bakinka?"

"Wani yaro mai taurin kai zai gano layin. Ni ma haka na gano shi, don haushin wani malalaci. Je ki haɗa, ki kawo in ga yadda kika ɓata shi."

Firintar tana ƙasa, a ɗakinta. Bistra ta danna, manhajar ta tsaya a tsakiya, wai an buɗe alamar baka a cikin wani umarni ba a rufe ba. Ta bi layi-layi har ta gano wurin. Ta sake dannawa, littafin ya haɗu amma alamomin tambayar suna nan daram, domin manhajar sai a zagaye na biyu take gane lambobin sababbin sassa. Ta danna na biyu, suka ɓace. Da shafin ƙarshe kaɗai ta fitar, da tuni ta koma sama. Amma ta so ya ji nauyin abin a hannunsa, sai ta tsaya firintar ta tofo littafin duka.

Ta hau bene rungume da takardun, da sauran ɗuminsu a ƙirjinta.

"Bai Velichko, ga ɓarnar tawa."

Na'urar iska na ta huci a gefen gado. Kansa ya karkata wajen taga, bakinsa a ɗan buɗe, ƙirjinsa ba ya motsi. Ta sake kiran sunansa sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Ta kashe na'urar, ɗakin ya yi tsit, har ana jin masu tumatir suna kiran ciniki a kasuwa. Ta zauna a bakin gadon, ta zaro shafin ƙarshe ta shimfiɗa a kan bargo kusa da hannunsa. Rubutun ya ƙare a tsakiyar takardar, daga nan zuwa ƙasa fari ne fat.