Muryar Sista a Rikoda

Farfesa ya kunna rikodar, ya jingina da kujera. Muryar Sista ce ta cika ofis. Binciken digirinta na biyu a kiwon lafiyar al'umma ke nan: ta gano abin da ya hana matan wata unguwa kai yara rigakafin ƙyanda. Amma da mace ta buɗe baki, sai Sista ta tare ta da gyara, yadda ta saba shekara da shekaru a ɗakin awo.

"Sista, tambaya muka aike ki, ko wa'azi suka gayyato ki?"

Ya ce dama ɗaya ta rage mata. In ta sake dawo masa da muryarta, babu kare kundi a bana.

A gida maigidanta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a gaishe masa da Farfesan nan, shi tun aurensu yake neman wannan magani. Ta harare shi, amma maganar ta tsaya mata a rai.

Ta koma unguwar. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ajiye rikoda a tsakiya, ta yi tambaya ɗaya, ta tusa hannayenta ƙarƙashin cinya. Wata dattijuwa ta ce allurar tana kawo zazzaɓin da ba ya sauka. Amsa ta zo wa Sista har bakin harshe. Ta haɗiye ta, ta yi ɗan tari.

Shiru ya yi tsawo, sai ƙarar tsotson wani jariri. Can wata mai goyo a gefe ta gyara zani.

"Anti, ni fa na kai shi. Aka ce ba za a fasa kwalbar allurar don yaro ɗaya ba, sai yara sun taru. Na koma, haka aka sake ce mini. Sai na haƙura."

Nan take baki ya buɗe. Ashe kusan kowacce an taɓa mayar da ita. Dattijuwar da kanta ta ce to su sa rana mana, su tafi gaba ɗaya, a ga wanda zai ce ba su taru ba.

Da ta kai wa Farfesa rikodar, ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Ke kina ina a nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ɗan tarin nan da ka ji, ni na yi shi."

Ya ce ta je ta fara rubutu.